INUWAR GIGINYA: MALAM NA KUNNEN MAIGIDA, JAHILCI NA TSAKAR GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi mana ji da gani da hankali, kuma zai tambaye mu a kan kowannensu. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga Manzon rahama da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.

Bayan haka, maganar yau da kai nake yi, ya kai ɗan uwa matashi da ka ajiye iyali ba da jimawa ba, kana da ɗa ɗaya ko biyu ko uku. Kai ma da kake shirin kai lefe kada ka ce ba da kai ake ba, domin gobe kai ne a wurin. Magana ce mai ɗaci, amma tsakaninmu ce, kuma ba mu saba ɓoye wa juna gaskiya a wannan fili ba.

Kwanan baya na ziyarci wani ɗan uwa bayan sallar Magariba. Mutumin kirki ne, ba a rasa shi a sahun gaba, ba a kuma rasa shi wajen aikin gayya. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinsa muka gaisa, amma na lura kunnensa ɗaya a toshe yake da abin nan da samari ke kira iyafis. Muna nan zaune sai ga ɗansa, yaro bai wuce shekara 6 ba, riƙe da littafin Islamiyya. Ya ce, "Abba, ka biya mini." Shiru. Ya sake cewa, "Abba, malam ya ce gobe zai duke mu in ba mu iya ba." Shiru. A karo na uku da yaron ya ja masa hannun riga, sai uban ya ɗaga hannu ya ce, "Je ka wajen Ummanka, ba ka ga ina jin karatu ba?" Yaro ya juya ya tafi. Uwar kuwa tana bakin murhu, ga goyo a baya.

Na ce da shi, "Malam, wane karatu ne wannan?" Ya ce Riyadus Salihina ne, har ya kusa saukewa, wannan ne ma littafi na huɗu da ya ji a bana. Na ce, "Madalla. Wane babi ake ciki yanzu?" Wallahi sai da ya zaro waya daga aljihu ya duba kafin ya ba ni amsa.

Ban kawo wannan don in tozarta shi ba. Da na koma gida na binciki kaina sai na tarar ni ma ba a bar ni a baya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

BA ƘIN NA'URA MUKE BA

Kafin wani ya yi saurin cewa ga wani baƙauye nan yana yaƙi da ci gaba, bari mu ajiye magana a muhallinta. Naɗar karatu a saurara ni'ima ce daga Allah, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka.

Tun da Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a Amurka a shekarar 1877, yana daga cikin amfanin da ya hango mata karanta wa makafi littafi. An soma naɗar littattafai a faifai domin makafi a Amurka a shekarun 1930, a Ingila kuwa aka soma a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wato asalin abin agaji ne ga wanda ba shi da halin duba takarda. A ƙasar Masar, Shaikh Mahmud Khalil Al-Husari ya naɗi Alkur'ani mai girma cikakke da muryarsa a farkon shekarun 1960, mutane a gabas da yamma suka gyara tilawarsu da shi. Sannan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, talaka ma ya samu.

Wane ne bai san abin da kaset ya yi ba? A shekarar 1978 Imam Khumaini yana zaune a wani ƙauye kusa da Paris, amma jawabansa suna yawo a kasuwanni da masallatan Iran a cikin kaset. Sarki Shah na da tankoki da jiragen yaƙi da 'yan leƙen asiri, duk da haka a farkon 1979 ya tattara ya bar ƙasar. A nan gida ma, ta rediyo da kaset tafsirin Shaikh Abubakar Mahmud Gumi da na Shaikh Nasiru Kabara da na Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi suka shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Da yawa daga cikin iyayenmu a wannan tafarki ba a gaban wani malami suka fara farkawa ba, wani ne ya ara musu kaset.

To amma ku tambayi waɗanda suka ga zamanin, yaya ake jin kaset ɗin? Rikoda ɗaya ce a gida. Idan maigida ya sayo batir ya kunna ta a tsakar gida, uwargida tana tankaɗe tana ji, amarya tana wanke-wanke tana ji, yara suna wasa suna tsintar kalma, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a ƙara murya. Idan aka zo wurin da ba a gane ba sai a mayar da shi baya, in batir ya yi sanyi a zura biro a juya zaren da hannu. Kaset ɗaya sai ya zagaya gida goma kafin ya tsinke, in ya tsinke a liƙe shi a ci gaba. Karatun na kowa ne, kuma bayan an kashe rikoda akan tattauna.

Yau fa? Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, abin ya yi ta sauƙi har ya kai matashi zai je kasuwar waya, irin ta Farm Center a Kano, a cika masa memori da karatun da ko shekara zai yi yana ji ba zai ƙare ba. Mai data kuma ya sauke da kansa. Karatu ya yawaita fiye da yadda kakanninmu suka taɓa mafarki. Amma sai ya tashi daga tsakar gida ya shige ramin kunnen mutum ɗaya. Maigida ya zama giginya, inuwarsa na nesa ke sha. A majalisa shi ne mai kawo ruwaya, a dandalin WhatsApp shi ne mai gyara wa mutane kuskure, alhali matarsa ba ta san bambancin ƙabli da ba'adi ba, ɗansa kuma bai iya Tahiya ba.

WAI BABU LOKACI

Hujjar da kowa ke kawowa ita ce, "Malam, ba ka san halin da ake ciki ba ne? Ina lokacin yake?"

Mun sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, magidanci bai ƙara numfashi da daɗi ba. Mai Adaidaita Sahu yana fita tun duku-duku, sai ya haɗa balas ɗin mai keke da kuɗin mai kafin ya fara neman na cefane. Yaron shago a Kantin Kwari ba ya zama tun safe har yamma. Tela yana kan keke har dare in an samu wuta. Babu mai musun cewa tsarin zaluncin da muke rayuwa a ƙarƙashinsa yana tatse talaka, ya ƙwace masa yininsa, ya mayar da shi gida a gajiye kamar tsumma. Saboda haka wanda ya sa karatu a kunne yana ɗinki ko yana jiran ciniki, maimakon waƙoƙin banza da gulma, ya yi abin a yaba masa. Allah ya saka masa da alheri.

Amma ai ba a kanmu aka fara neman abinci ba. Imam Bukhari ya ruwaito a Kitabul Ilmi cewa Sayyidina Umar yana zaune ne a unguwannin Awali, can gefen Madina, shi da wani maƙwabcinsa mutumin Madina suka yi yarjejeniyar karɓa-karɓa. Yau wannan ya sauka wurin Manzon Allah (S.A.W.), gobe wancan. Wanda ya je, idan ya dawo sai ya kawo wa ɗan uwansa labarin abin da ya sauka na wahayi da sauran abin da aka yi a ranar. Ku duba da kyau. Mutane ne masu harkokin gabansu, ba su iya zuwa kullum. Amma wanda ya ji, ba ya kwana da abin da ya ji a cikinsa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar wani ya sauke masa. To in maƙwabci yana da wannan haƙƙi, ina ga matar da ke dafa maka abinci da yaron da ke amsa sunanka?

Ga kuma wanda ya fi dacewa da ku samari. Malik bin Huwairis ya ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka kawo, cewa sun zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) su matasa ne tsararrakin juna, suka zauna kwana 20 a wurinsa. Da ya lura sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya umarce su da su koma cikin iyalansu, su zauna tare da su, su koyar da su. Jama'a, a duniya akwai majalisin da ya kai na Manzon Allah? Amma daga wannan majalisin aka sallami samari aka ce su koma gida su karantar. Kai kuma wane malami ne a kunnenka da ya fi ƙarfin ka dakatar da shi minti 10 ka biya wa ɗanka karatu? Shi fa malamin cikin waya yana da maɓallin tsayarwa, gobe ma yana nan inda ka bar shi. Yaron kuwa ba shi da maɓalli. Shekarunsa na tafiya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har a cikin salla, wadda ita ce sanyin idonsa, Manzon Allah (S.A.W.) ya faɗa cewa yakan shiga da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don kada ya wahalar da uwar. Yana ganawa da Ubangijinsa amma kunnensa a buɗe yake ga kukan jaririn wata. Mu kuma jaririnmu na cikinmu yana tsala ihu a gefenmu, mun toshe kunne, wai muna neman ilimi. Inna lillahi! Wane irin ilimi ne wannan?

SHEHU YA RIGA YA YI MAGANA

Wannan ciwo ba yau ya fara ba, kayan aikinsa ne kawai suka sauya. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman zamaninsa da suke tara almajirai safe da yamma suna karantarwa, amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ba su koya musu ko hukuncin tsarki da salla da azumi ba. Shehu bai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin sakaci ba, ya danganta shi da son a sani da neman girma a idon jama'a, domin karantar da iyali wajibi ne a kan mutum kafin karantar da na waje.

Kuma Shehu bai tsaya ga faɗa da baki ba. Gidansa shaida ne. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe, su haddace, su koma su koya wa matan garuruwansu. Wannan ma karatun kunne ne, domin da yawa daga cikin matan ba su iya duba takarda ba. Amma kunne ne da ke zubawa a wani kunnen. Babu batir, babu memori, babu data, amma karatu ya ratsa ƙasar Sakkwato har cikin ɗakunan mata.

Muna ta kiran sunan Shehu a wa'azi da muzahara, muna cewa tafarkinsa muke son dawowa da shi. To jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 ba maza zalla ba ne. Gidaje ne suka tashi, mata da yara da tsofaffi, waɗanda an riga an karantar da su sun san dalilin da ya sa za su bar gonakinsu. Kai da iyalinka ba su san abin da kake ji ba, ba su san abin da kake kira zuwa gare shi ba, ranar da jarrabawa ta zo da wa za ka tsaya? Kada ka yi mamaki idan matarka ta ɗauki wannan tafarki a matsayin kishiyar da ta ƙwace mata miji, ɗanka kuma ya tashi yana jin haushinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

JI DABAN, KARATU DABAN

Sai magana ta biyu, wadda na san za ta ɓata wa wasu rai. Abin da yawancinmu ke yi da iyafis ba karatu ba ne, wucewar sauti ne ta kunne.

Ku tuna yadda ake ɗaukar ilimi a zaurukan ƙasar nan. Ɗalibi ya zo da littafinsa, Ƙawa'idi ne ko Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala. Ya durƙusa, ya ja baƙi, malam ya fassara masa gaɓa gaɓa. In ya yi tuntuɓe a wasali a gyara masa nan take. In bai gane ba ya tambaya. Wani lokaci layi uku ne karatun yini guda, ya je ya yi ta maimaitawa. Malaman hadisi ma da suka sa ji daga bakin malami a sahun farko na hanyoyin ɗaukar ruwaya, ai sun sa sharaɗin mai ji ya kasance a farke, hankalinsa na wurin, ya kiyaye abin da ya ji. An ruwaito cewa Imam Malik ba ya zama karantar da hadisi sai ya yi tsarki ya sa tufafi masu kyau ya shafa turare. Sahabi Jabir bin Abdullah ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya.

Mu kuma fa? Hadisi 50 na zuba a kunne, ido na kan cinikin atamfa, baki na ba da canji. Wani ma har ya gano maɓallin da ke ƙara wa murya gudu, sai ya ninka saurin malam biyu don ya yi maza ya gama. Anas bin Malik ya ce Manzon Allah (S.A.W.) idan ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku don a fahimta. Shi yana maimaitawa sau uku, mu muna ninka gudu sau biyu, sannan mu ce sunnarsa muke bi.

Abin da ya fi muni shi ne yadda ake yi da Alkur'ani. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara a kuma yi shiru idan ana karanta shi. Amma sai ka ga ƙira'a na tashi a kunne ɗaya, ɗaya kunnen na jin musun ƙwallo. Suratul Jumu'a kuma ta buga misali da jakin da aka labta wa littattafai ga waɗanda aka ɗora wa Littafi ba su yi aiki da shi ba. Mu ji tsoron kada memorin da ke aljihunmu ya zama irin wannan kaya.

Illar wannan ba ta tsaya ga mai ita ba. Mai jin karatu rabi da rabi shi ne ya fi kowa saurin fatawa. Ya ji hukunci bai ji sharaɗinsa ba, domin lokacin da malam ke faɗin sharaɗin fasinja ya tsayar da shi. Ya ji an ce haramun, bai ji an ce "sai dai idan" ba. Daga nan sai ya zo gida ya ɗaga wa matarsa hankali, ko ya je masallaci ya ɓata dattijon da ya haife shi. Malamin cikin waya ba ya ganin fuskarka balle ya gane ba ka fahimta ba. Ba za ka iya tambayarsa ba, shi ma ba zai iya tsawata maka ba. Balle yanzu da ake yanke jawabin awa biyu a fitar da minti ɗaya a watsa, har an kai ga na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda ba shi da malami a fili, kowane ɗan damfara malaminsa ne.

WA KE CIN RIBAR KUNNENKA?

Ya kamata kuma mu san cewa toshe kunnen nan ba haka kawai ya faɗo daga sama ba, sana'a ce. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a 1979, ya koya wa duniya cewa mutum na iya zama cikin jama'a alhali ba ya tare da su. Kamfanin Audible, mai sayar da littattafan saurare, an kafa shi a Amurka a 1995, Amazon ta saye shi a 2008 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 300. Abin da ake tallata wa iyayen yara a can shi ne, kana aikin gida, kana tura keken jariri, kana cinye littafi. Su YouTube da TikTok kuwa ribarsu na cikin daɗewar da ka yi a kansu, shi ya sa kafin wannan ya ƙare sun jero maka wani. Babu ruwansu da ko tafsiri kake ji ko kiɗa, su dai kada ka cire.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba duk mai iyafis ne ke jin tafsiri ba. Sau nawa ake farawa da wa'azi a ƙare da littafin soyayya da ake karantawa kashi kashi har kashi na 80? Sau nawa ake farawa da hadisi a ƙare da raddin wane a kan wane? Tun da babu mai jin abin da kake ji, babu mai yi maka shaida sai Allah. Rikodar tsakar gida tana da kunya, domin uwarka na iya ji. Iyafis ba shi da ita.

Ga lafiya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Mai aiki kusa da janareta ko a kan titi dole ya ƙure murya kafin ya ji, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Kai kuma direba, ko mai keke, ko mai babur, da ka toshe kunnuwa biyu a kan titi, ba ka jin odar motar da ke bayanka, rayukan da ka ɗauko amana ce. Neman lada da hadisi ba zai wanke ka ba in ka jawo asarar rai.

TO MENE NE ABIN YI?

Wani zai ce, "Ni fa ba malami ba ne, me zan koya musu?" Ai wannan ita ce amsar da na'urar ta zo da ita, in da mun yi amfani da ita ta hanyar da ta dace. Ba a ce ka zama malami ba, an ce ka fito da malamin daga kunnenka ka zaunar da shi a tsakar gida.

Na farko, ƙofar gida ita ce iyaka. Kafin ka yi sallama, cire abin nan ka sa a aljihu. Kunnuwanka biyu daga nan har safe na iyalinka ne. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (S.A.W.) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita.

Na biyu, ka ware minti 20 kacal bayan Magariba ko bayan Isha. A ajiye waya a tsakiya a buɗe murya, ko a haɗa ta da 'yar sifika, kowa ya ji. Minti 10 na saurare, minti 10 na tambaya. Ka tsayar ka ce, "Me malam ya ce?" Ka bar uwar yara ta faɗi nata, wataƙila ma ta fi ka ganewa, domin da yawansu sun yi Islamiyya fiye da mu. Minti 20 a kullum ya haura awa 120 a shekara. Arba'una Hadisi na Imam Nawawi hadisai 42 ne, in kuna ɗaukar ɗaya kowane dare, mako 6 kun sauke.

Na uku, littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka sayi na takarda. Abin da ka ji da rana a wurin aiki, ka buɗe shi da dare ka gani da idonka, ka sa alama a inda ya shige maka duhu. Wanda ya ji littafi ɗaya ya iya faɗin abin da ke cikinsa ya fi wanda ya ji goma bai san babin da yake ba.

Na huɗu, ko sau ɗaya a mako ka durƙusa gaban malami mai rai, ka kai masa tambayoyin da ka tara, naka da na iyalinka. In aiki ya hana, ku yi irin ta Sayyidina Umar da maƙwabcinsa, ku yi karɓa-karɓa da wani ɗan uwa.

Na biyar, ka tuna ita ma tana da kunne. Kai kana jin karatu a shago, ita tana fama da yara tun asuba. Ka karɓi yaron na rabin awa ta samu ta ji nata, ko ta je makarantar dare. Wannan ba alfarma kake yi mata ba.

'Yan uwa, aya ta 6 a Suratut Tahrim ba ta umarci mumini da ya tserar da kansa shi kaɗai daga wuta ba, ta haɗa shi da iyalinsa. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya sanya kowane magidanci makiyayi a gidansa, kuma abin tambaya a kan abin da aka ba shi kiwo. Ranar nan ba za a tambaye ka gigabait nawa ne a wayarka ba. Za a tambaye ka yaron nan da ya ja maka hannun riga sau uku.

Muna cewa muna son a wayi gari addinin Allah ne ke iko da ƙasa. Madalla da wannan buri. Amma wanda ya kasa tsayar da karatun minti 20 a ɗaki ɗaya da tsakar gida, da wane baki zai yi maganar ƙasa? In ka gama karanta wannan jarida ka naɗe ta ka nufi gida, ka fara daga daren yau.

Allah ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya yafe mana sakacinmu.